Malam Gwadabe Mai 'Yan Rakiya

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, sai ɗan yayyafin nan da ke jiƙa kafaɗa ba ya jiƙa ƙasa. A irin wannan lokaci ne Malam Gwadabe ke fitowa daga gidan da aka ba shi aro a Tsamiyar Indo, wani ɗan ƙauye da ke gabas da Toranke. Alli biyu a aljihun gaba, ɓarin goro a ɗaya aljihun, littafi a ƙarƙashin riga don kada ya jiƙe. Ba ya sauri. Da can hali ne, yanzu kuwa har da yanar da ta rufe masa idon hagu, ta kuma fara taɓa na dama.

Matarsa Hansai takan biyo shi da magana har bakin zaure.

"Malam, ga koko ka bari zai huce."

"Ajiye mini, in na dawo."

"Shekara talatin kana cewa in ka dawo. Kaji ke shanyewa, shi ya sa suka fi ka ƙiba."

Sai ya yi murmushi ya bi ta gefen gonakin gero, ya isa makaranta kafin kowa, ya kori awakin da suka kwana a baranda, ya share da kansa.

Haka ya yi shekara goma sha bakwai a wannan ƙauye, talatin da ɗaya ke nan in aka haɗa da na Gaya. A ƙarshen watan Yulin bana, 1978, ya ajiye alli. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko zakara ba. Takarda ce ta zo, hedimasta ya karanta masa saboda idon, ya ce madalla. Shi ya sa ya kamata a ce wani abu a kansa tun yana da rai, ko da mai faɗar bai yi nisa a karatu ba.

Turanci ya koyar, daga aji uku zuwa aji bakwai. Amma duk wanda ya zauna gabansa, ko da shekara biyu ce kamar yawancinmu da noma ya janye, abin da zai fara tunawa shi ne kalmomin nan da masu ilmi yanzu suke kira bayanau. Shi 'yan rakiya yake ce musu. Yakan ce aiki a cikin magana kamar baƙo ne, in ya zo shi kaɗai ba ka san girmansa ba, sai ka ga masu rakiyarsa.

"An ce maka Maiwada ya yi noma," in ji shi. "To, ya yi. Yaushe ya yi? A ina? Sau nawa? Yaya ya yi shi? Ai da wanda ya karci ƙasa da wanda ya huɗe ta, duk noma aka ce sun yi. Ɗan rakiya ne ke tona asirin rago."

Yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: ba ya rubuta ma'anar ɗan rakiya a allo sai yara sun gan shi da idonsu. Sai ka ga ya fito da aji duka, sun jeru a bakin rijiya suna kallon mata na jan ruwa. Wata rana suka yi tsaye har rana ta take, yana jiran abu guda. Can sai gugan wata tsohuwa ya zo daf da baki, igiya ta suɓuce, ya koma.

"Ta ɗebo ruwa?"

Yara suka ce a'a.

"Ke nan daidai take da wadda ba ta fito daga ɗaki ba?"

Nan ma suka ce a'a.

"To, abin da ke tsakanin nan, Bature ya yi masa suna. Ku ce almost."

Tsohuwar ta ce in sun gama sa wa wahalarta suna, wani ya zo ya ciro mata gugan. Shi Malam ya nemo ƙugiya ya ciro.

Haka ya jera musu kalmomin yawan faruwa, daga sama zuwa ƙasa kamar tsani. Always, fitowar rana ke nan. Often, akuyar hedimasta da shiga aji. Seldom, mota ta shigo Tsamiyar Indo. Never kuwa, wai Bafulatana ta sayar maka da nono babu ruwa a ciki. Yaran ruga su yi ca a kansa, shi kuma ya yi ta dariya, domin asalin gidansu Barebari ne, wasa ne tsakaninsu da Fulani tun kaka da kakanni. Manya kan ce wannan malami yawo ya iya. Amma yaransa ba sa mantuwa.

To, a zamanin nan ba da son rai ake kai yaro boko ba. Adadi ake yanka wa dagaci, shi kuma ya bi gida-gida. A shekarar 1964 abin ya faɗa a rugar wani Bafulatani mai suna Tukur. Da ɗan aiken dagaci ya tambayi sunan babban ɗansa, Tukur ya kau da kai, domin Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan fari. Maƙwabci ne ya ce Datti, aka rubuta Datti Tukur. Sai dai Datti shekararsa goma, ya riga ya san shanu, shanu sun san shi. Ba a ɗauke irin wannan hannu daga garke. Saboda haka Tukur ya kira ƙaramin, Hadi, ɗan shekara bakwai, ya ce masa ya tafi, in an kira sunan yayansa ya amsa.

Ba shi ya fara ba. Gidaje da yawa haka suka yi, malamai kuma sun sani, suna kau da kai, muddin dai benci ya cika. Ba wanda ya ɗauka zai zama wani abu, don ba wanda ya taɓa zaton ɗan Tsamiyar Indo zai wuce firamare.

A aji uku yaron ya zo hannun Malam Gwadabe. Cikin mako guda ya gane, don in ya kira Datti sai yaron ya ɗan yi jim kafin ya amsa, in abokansa sun ce Hadi kuwa nan take yake waiwayowa. Bai ce komai ba tukuna. Ana nan, wata rana ya kawo musu kalmomi uku da ke ba shi wahala kowace shekara: slowly da gently da carefully. Duk ukun mu a hankali muke cewa, to yaya za ka raba wa yaro su? Ya yi tafiya a gabansu, ya ɗauki ƙwai, ya ajiye, yara suna ta zuba masa ido. Sai ga hannu daga benci na ƙarshe.

"Malam, tsohuwar saniya in tana tafiya, na farkon ne. Inna in tana tatsar mai ciwon hantsa, na biyun ne. In za mu haye rafi da 'yan maruƙa, na ukun ne."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Shekara goma sha tara yana neman wannan misali bai samu ba.

Da la'asar ya taka har ruga. Tukur na zaune yana tufka igiya.

"Babarbare, me ka zo sata?"

"Na zo duba bayina ne, in ga ko kuna cin abinci."

"Bawa da tsagar fuska ake gane shi. Nemi madubi."

Aka kawo fura, suka sha. Sannan Malam ya sassauta murya ya ce yaron nan yana da kai, ya kamata a gyara sunansa a rajista tun da wuri. Hannun Tukur ya tsaya a kan igiyar.

"In dagaci ya ji na musanya, duka biyun zai ɗauka, ni kuma a kai ni gaban alƙali. Ranar da ka buɗe baki, kashegari ko kashin shanu ba za ka tarar a nan ba. Daji da faɗi, Babarbare."

Malam ya san zai aikata. Ya dawo gida yana ce wa kansa, bari yaron ya ƙara shekara ɗaya, ya yi nisan da ba za a iya cire shi ba, sannan a gyara. Shekarar ta zo ta wuce, ya ƙara wata.

Akwai abin da yake yi da ba kowa ya sani ba. Kullum bayan azahar yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya yi ta rubutu a littattafan rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane ɗan rakiya da shafinsa: ga ma'anarsa da Hausa, ga inda yake tsayawa a magana, ga yadda ma'anar ke juyawa in ya koma gaba ko ya koma baya, ga kuma misali daga rijiya ko gona ko kasuwar Toranke. Kalma ɗaya takan ci masa mako. Ya ce littattafan da ake aiko musu misalansu na jirgin ƙasa ne da ƙanƙara, malamin ƙauye kansa bai gane ba balle yaro. Burinsa wani malami ya karɓi aikin ya ci gaba, har ya kai ga maɗaba'a. Shi takardarsa ƙarama ce, ba mai sauraronsa a Kano. Allah kuma bai bar musu ɗa mai rai ba, shi da Hansai. Saboda haka zuciyarsa ta sauka a kan Hadi. In yaron ya je kwalejin horon malamai ya fito, to littattafan sun sami magaji, yaron kuma ya fita daga bin ƙaya.

Hansai takan ce, "Kai da yaron nan kamar kaza da ƙwai ɗaya. Ranar da ya fashe ina za mu sa ka?"

Da suka kai aji shida ya kasa daurewa, ya sami hedimastan wancan lokaci.

"Ranka ya daɗe, akwai sunan da nake so a gyara."

"Sunaye sun tafi Kano tun bara, Malam Gwadabe. In muka ce ba shi ba ne, za a ce shekara shida muna ina? Bar shi. Suna linzami ne, duk dokin da aka sa wa ya hau hanya da shi."

Maganar ta yi masa daɗin ji, don abin da yake so ya ji ke nan. Ya bari.

A ƙarshen 1970 yaron ya zauna jarrabawa a Gaya, ya je aka yi masa tambayoyi baki da baki, duka a ƙarƙashin sunan yayansa. Bayan Sallah takarda ta zo: an ɗauke shi a wata kwalejin horon malamai. Ba a taɓa yi ba a Tsamiyar Indo. Malam bai tsaya ko sa hula daidai ba, ya nufi ruga da hantsi, shanu ba su kai ga fita ba, kowa na nan. Don murna ya tsaya a tsakiyar fili ya karanta takardar da ƙarfi, yana fassarawa, tun daga sunan da ke sama. Datti na tsaye can gefe, saurayi ɗan sha bakwai, da sanda a kafaɗa.

Tukur ya ce, "Maimaita wanda aka kira."

Malam ya maimaita.

"To. Wanda aka kira shi zai je."

Malam ya yi dariya. "Bafulatani dai ba ya rabo da wauta. Kawo fura mu sha, bawana."

"Malam Gwadabe."

Tun da suka san juna Tukur bai taɓa kiransa da suna ba. Dariyar ta tsaya.

"Yau ba wasa nake ba. Shekara bakwai babban yana bin shanu, ƙaya da rana, don ƙaramin ya zauna a inuwa da sunansa. Tun da aka haife shi ban taɓa kiransa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa cewa ya yi daidai ba. Haka muka gada. Yau hukuma ta kira shi da baki, kowa ya ji, sai ni ubansa in ce ba shi ba ne? Ƙane ya hau mota, wa yana tsaye yana kallo?"

"Tukur, ko baƙi ɗaya bai sani ba."

"Ba makaranta ba ce? Ba koyarwa ake yi a can ba?"

"Ba daga farko ake farawa ba. Wannan yaron ne ya yi aikin."

"Wannan ya yi karatunsa ya gama, ya ƙoshi. Yanzu layin babban ne."

Hadi na durƙushe kusa da turke, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi.

Malam ya je wurin liman, liman ya ce tsakanin uba da 'ya'yansa sai addu'a. Ya je wurin dagacin da aka yi shekara bakwai ana ɓoye wa, dagaci ya ce shi Datti ya bayar, Datti ya sani, kada a jawo masa magana. Hedimasta ya ce kansa na ciwo. Ƙaryar da kowa ya ɗauka ƙarama ce, sai ga ta ta zama katangar da kowa ke fakewa a bayanta.

Kwana goma sha tara suka rage kafin tafiya. Waɗanda ke wucewa ta gindin darbejiya a kwanakin nan sun ga abin da har yau ba sa son tunawa: Malam riƙe da hannun Datti yana jan sa a kan allo, ko sunansa ya iya rubutawa. Allin yana ta karyewa.

"Malam, hannuna da sanda ya saba."

"To me ya sa ba za ka faɗa wa Baffanka ba?"

Datti ya ce, "Bai taɓa ba ni komai ba sai wannan."

Ya tafi da sabuwar riga. Kwana goma sha shida ya yi a can aka gane, aka sallamo shi a gaban ɗalibai. An ga saukarsa daga mota a tashar Gaya, amma bai ƙaraso ruga ba. Daga baya aka ce an gan shi a Kano yana dako. Har yau bai dawo ba.

Malam ya kwashi littattafan aikin Hadi ya tafi Kano. Kwana uku yana zaune a bencin wani ofis kafin a ce ya shigo. Da ya shiga bai ambaci Tukur ba, bai ambaci dagaci ko hedimasta ba. Ya ce shi ne ya san gaskiya tun aji uku ya yi shiru, a hukunta shi, a ba yaron gurbinsa. Ya baje littattafan a kan tebur ya ce a duba rubutun. Mutumin da ke bayan teburin bai yi masa wulaƙanci ba. Ya duba, ya jinjina kai, ya ce gurbin an ba wani. Sannan ya ce, "Malam, a takarda babu wani Hadi da ya taɓa shiga makaranta. In yana so, sai ya fara daga aji ɗaya."

Yaron shekararsa goma sha huɗu, ga garke ba mai bi tun da Datti ya tafi. Ya ɗauki sandar yayansa.

Bayan wata biyu takardar Malam ta zo. Ba a kore shi ba. An dai mayar da shi aji ɗaya, inda ba a koyar da Turanci. A nan ya ƙare shekarunsa bakwai na ƙarshe, yana a, ba, ca, da. Da aka buɗe ilmi kyauta shekara biyu da suka wuce, yara casa'in aka zuba masa a gindin bishiya. Ta taga yakan jiyo sabon malami yana sa 'yan aji biyar haddar 'yan rakiya kamar waƙa, ba wanda ya san abin da yake faɗa. Sau ɗaya ya kai masa littafi guda ya duba. Bayan mako ya tarar da shi an tokare taga da shi. Ya ɗauko abinsa, ya kaɗe, ya tafi. Da farin 1973 ya zo, ciyawa ta ƙare, Tukur ya kora sauran shanunsa kudu, can ya rasu, ba su sake yin wasa da Babarbarensa ba. Bara Hadi ya dawo da mahaifiyarsa da shanu tara.

Malam, kai ne ka tsaya a bakin rijiya rabin yini don yaro ya gane kalma ɗaya. Kai ne ka rubuta wa iyayen sojoji wasiƙa lokacin yaƙi, in amsa ta zo da mugun labari kai ne mai zuwa gidan da ƙafarka. Kai ne ka yi kuskure irin wanda duk garin ya yi, amma da ranar biya ta zo kai kaɗai ka miƙe ka ce ni ne. Tsohuwar rijiya, ana sha ana mantawa da wanda ya haƙa. Ba za mu ce ba ka yi shiru inda ya kamata ka yi magana ba, kai ma ba za ka yarda mu faɗa ba. Amma mun ga abin da shirun ya ci maka, mun kuma ga ba ka ɗora wa kowa ba.

Littattafan sun kai goma sha ɗaya kafin ido ya hana. Na ƙarshen, layukan hawa kan juna suke. Ana gobe zai koma Gaya, bayan la'asar, ya sa su a akwatin kwano ya ɗauka a kai, ya lallaba har ruga. Tun dawowar Hadi gaisuwa kawai ke haɗa su a hanya. Ya tarar da shi yana cire wa maraƙi kaska. Hadi ya miƙe ya sauke masa akwatin, ya shimfiɗa buzu, ya durƙusa.

"Malam, da ka aiko na zo."

"Mai nema shi ke tafiya. Buɗe."

Hadi ya buɗe. Ya ɗauko na sama, ya riƙe shi nesa da jikinsa don hannunsa da datti.

"Rabin misalan da ke cikin na uku da na huɗu naka ne," in ji Malam. "Ni idona ya tafi. Ba ni da wanda zan bar wa."

"Malam, wallahi in na kalli takarda yanzu, baƙaƙen kamar tururuwa suke yi mini."

"Za su dawo. Abin da ya shiga irin kanka ba ya fita."

"In sun dawo in koya wa wa? Ga ajin nawa can suna tuƙa." Ya nuna shanun da haɓa, ya ɗan yi dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba. "A bukka gara za ta ci, in ta rage damina ta ƙarasa. Ka tafi da su inda akwai rufin kwano."

Malam ya ce, "Hadi, ka yafe mini."

"Ai ba ka yi mini komai ba, Malam."

Ya mayar da littafin, ya rufe akwatin, ya ɗora masa a kai. Da Hadi ya ce masa ya cuce shi, da ya fi wa Malam sauƙi. Malam ya dawo gida, Hansai ta ga akwatin, ta buɗe baki za ta yi tsiyarta da ta saba, sai ta fasa, ta je ta kawo masa ruwa.

To, Malam, mun gode. Godiyar waɗanda ba su zama komai ba ce, manoma da masu kiwo da 'yan tireda, ba ta da nauyin da za ta kai ofis. Allah Ya saka maka, Ya haskaka maka abin da ya rage. Malaman da ke tasowa kuma, ku fito da yara su ga abu da ido kafin ku sa su haddace shi, kuma in kun ga suna a karkace ku gyara tun yaro yana aji ɗaya, kada ku ce sai baɗi. In akwai mai ilmin da wannan magana ta isa gare shi, akwatin na Gaya, a tambayi gidan Malam Gwadabe a bayan masaƙa. Ba mu sa rai sosai ba. Mun dai faɗa.

Kashegarin zuwansa ruga, da safe suka kama hanya. Ruwa ya sauka sosai kafin asuba, rana ta fito, kwari ya cika. Hansai na gaba da ƙwarya a kai, Malam na biye yana jan jakin da aka ba su aro. Ya ƙi yarda kowa ya ɗaure akwatin sai shi, da lalube ya yi ɗaurin. Da suka zo gangaren kwari jakin ya zame, kayan suka karkata, akwatin ya sulale ya rataye ta ɓangaren ruwa, igiya ɗaya ke riƙe da shi. Malam na gaba, bai gani ba.

Masu noma a gonar bakin hanya sun ce kafin su ajiye fartanya sai ga Hadi ya fito daga cikin sabara, inda shanunsa ke kiwo. Ya sa kafaɗa ya tura akwatin ya koma daidai, ya kwance igiyar da ke ƙugunsa, ya zagaya ta ƙarƙashin cikin jakin sau biyu, ya ƙulle, ya ja ya ga ta kama.

Malam ya ji jakin ya tsaya. Ya ɗan fizgi igiya ba tare da ya waiwaya ba.

"Tafi mana, kai kuma. Gaya da nisa."

Jakin ya taka cikin ruwa ya haye. Hadi ya ɗauki sandarsa ya koma wurin shanu.